Tsohuwar Hayis da fenti mai araha: ina ake rage kuɗi, ina ba a taɓawa?

Tambaya: Salamu alaikum, maigida. Ina da tsohuwar Toyota Hiace fara, irin ta kafin a fara yin sabuwar da ake kira Hummer, da ita nake kai wa 'yan kasuwa kaya ƙauyuka. Inji lafiya lau, amma jikin ya koɗe, in ka shafa rufin sai farin gari ya biyo hannunka, ga tsatsa a gindin gilashin gaba da wajen ƙofar gefe. Na je wurin masu fenti uku. Na farko ya ce kwana biyu ya gama, kuɗinsa kaɗan ne. Na biyu ya nemi ninkin kuɗin na farko, ya ce sai sati biyu. Na uku mai oban ne, wato ɗakin gasa fenti, kuɗinsa ya fi ƙarfina. Kuma raina yana son in mayar da ita shuɗiya mai ƙyalli, irin fentin nan da ake kira metalik. Wanne zan bi?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Na biyun za ka bi, amma ba da ido rufe ba. Shuɗin nan mai ƙyalli kuma ka haƙura da shi, zan gaya maka dalili a gaba.

Abin da masu mota ba su cika lura da shi ba, feshin kansa shi ne ƙaramin aiki a cikin fenti. Bas kamar taka, in an gama shirya ta, awa biyu zuwa uku sun isa a fesa ta tsaf. Sauran kwanakin duk a walda, bugun jiki, fila (ƙullun da ake cike lotsawa da shi), furaima (shafin farko da ake yi kafin launi) da gugar sanfefa suke tafiya. Saboda haka wanda ya ce maka kwana biyu, ba sauri ya fi abokinsa ba, wani abu ya cire. Zai wanke ta, ya bi ta da sanfefa sama-sama, ya cusa fila a ramukan tsatsa, ya liƙa jarida a gilasai, ya fesa. Ranar da za ka karɓa sai ka rantse sabuwa ce. Damina ɗaya za ta ratsa, kuraje su fito daidai inda tsatsar take a da, filar ta tsage, ka koma gidan jiya, kuma a lokacin sai an biya kuɗin kankare aikinsa kafin a fara na gaskiya. Irin wannan fentin na dillalin da zai sayar da mota cikin sati ne. Kai da ita kake cin abinci.

Kafin ma a kai ga maganar fesawa, yi wani ɗan gwaji. Farin garin da ke bin hannunka alama ce cewa fentin motar irin wanda ba shi da kiliya a sama ne, wato shafin nan garai-garai da ake bin launi da shi don sheƙi, rana ta cinye fatarsa ta waje. Sau da yawa a ƙarƙashin garin nan akwai fenti mai rai. Ka sa a goge maka wuri ɗaya mai faɗin tafin hannu biyu a jikin ƙofa da kwamfawun ɗin goge fenti. In sheƙi ya dawo, to ba lallai ne a fesa motar gaba ɗaya ba: a gyara wuraren tsatsa, a fesa rufi da ƙasan jiki, a goge sauran da inji. Mai fenti ba zai fara kawo maka wannan shawarar ba, ka san dalili. In kuwa an goga sai furaima ta leƙo, ko an ga fentin ya yi ƙananan tsage-tsage ko'ina, to ya mutu, sai sabo.

Yanzu tsatsa, inda kuɗinka ya kamata ya fi zuwa. Hayis irin taka an yi ta ne daga 1989 zuwa 2004, wato mafi ƙanƙanta a cikinsu ta haura shekara ashirin. Yawancinsu kuma ta Kwatano ko Legas suka shigo daga Turai, inda ake watsa gishiri a kan titi lokacin ƙanƙara, gishirin nan ya daɗe yana cin su daga ciki tun kafin su iso hannunmu. Wuraren da za ka duba sanannu ne: kwatar ruwan da ta zagaye rufi, musamman inda ƙafafun kariyar ɗora kaya suke kamawa; gindin gilashin gaba; layin da ƙofar gefe take gudu a kai; matakalar shiga; bakin tayoyi; da gindin ƙofar baya. Ka ɗauki sukudireba ka danna duk inda fenti ya kumbura. Ƙurjin da ka gani kamar ƙwayar wake, a ƙarƙashinsa ɓarnar ta fi shi faɗi nesa ba kusa ba, domin irin wannan tsatsar daga baya take cinyo ƙarfe. Sannan ka samu mayen ƙarfe na tsohuwar sifika, ka naɗe shi a tsumma, ka bi jikin motar da shi. Inda ya ƙi kamawa, tsohuwar fila ce aka lafta, kuma gara ka san da ita kafin a yanke kuɗi, ba sai an fara aiki a ce maka "oga, mun tarar da wani abu" ba.

Dokar tsatsa ɗaya ce. In a sama take, ƙarfen bai huje ba, a goge har ƙarfe ya fito fari tas. In ya huje ko ya yi laushi, fanel bita ya yanke wurin ya walda sabon falle. Fila ba ta toshe rami. Ita fila tana shan ruwa, in bayanta a buɗe yake danshi zai shiga ya ɗaga ta. Na gindin gilashi kuwa ba ya gyaruwa sai an cire gilashin, don tsatsar tana ƙarƙashin roba. Ku yi magana tun farko a kan wa zai biya in gilashin ya fashe wurin cirewa, domin tsohon gilashi yakan yi hakan. Yawancin fanel bitocinmu da wutar kabaid suke walda, ita kuma zafinta yana lanƙwasa siririn falle, shi ya sa gwani yake ɗosawa kaɗan-kaɗan yana bari ya huce. A cire kan batir, a janye kujeru da ledar ƙasa daga kusa da wuta. Abin da kusan kowa yake mantawa shi ne bayan waldar. Wuta ta ƙone duk abin da ke kare ƙarfen ta ciki, in ba a shafa masa furaima ko baƙin fentin ƙarƙashin mota ba, daga nan sabuwar tsatsa za ta faro. Ka sa hannu ka taɓa, ko ka leƙa da tocila.

Fila aikinta ta share ɗan abin da guduma ta bari, kaurinta kada ya wuce milimita 2 zuwa 3. In ka ga yaron shago yana kwaɓa ta da yawa yana lafta wa lotsawar da ba a buga ba, ka tsayar da shi. Jan maganin da ake haɗa ta da shi kaɗan ake sawa, kashi 2 zuwa 3 cikin ɗari. Masu gaggawa suna zabga shi don ta yi saurin kamawa, kuma a farar mota abin yana tona asiri: bayan 'yan watanni sai ka ga tabo rawaya-rawaya ya fito a saman fenti daidai siffar filar. Haka nan ba a gugar fila da ruwa. Al'adar garejinmu ce a tsoma sanfefa a bokiti a yi ta guga, amma a kan fila da tsiraicin ƙarfe a bushe ake yi, a fara da lamba 80, a bi da 180. Ruwa sai an kai kan furaima.

Ita furaima kuma iri-iri ce. Tsiraicin ƙarfe yana son ta ifoksi, wadda take kama ƙarfe ta hana danshi wucewa. A kanta ake fesa mai kauri mai hadina (ruwan da ake haɗawa don ta kama ta yi tauri), wadda take cike sawun sanfefa. Jan fentin da ake shafa wa ƙofofin gida da tagogi ba na mota ba ne, in aka ɗora fenti mai hadina a kansa yakan tattare. Bayan furaima ta bushe, mai fentin da ya san aikinsa zai ɗan yayyafa baƙin fenti sama-sama, sannan ya naɗa sanfefa mai lamba 320 zuwa 400 a dogon katako ya yi ta guga. Duk inda baƙin ya rage, kwari ne. Gefen bas shimfiɗaɗɗe ne mai faɗi, in da tafin hannu kawai aka goge shi, ranar da ya yi sheƙi za ka ga jikin yana igiyar ruwa daga gaba har baya.

Wani gwajin na minti ɗaya: a jiƙa tsumma da tina, ruwan da ake tsinka fenti da shi, a danna a tsohon fentin. In launi ya biyo tsumman, ko wurin ya yi laushi, to wani ya taɓa fesa mata selulos a baya. Ɗora sabon fenti kai tsaye a kan wannan yana sa shi yamutsewa ko tsagewa. Sai dai a goge shi, ko a rufe shi da furaimar da za ta raba tsakani.

Sai zaɓin fenti, kuma nan ne za ka rage kuɗi hankalinka kwance. Iri uku za ka ji ana kira a kasuwa. Selulos shi ne mafi araha, yana bushewa nan da nan, amma ranar Arewa ba ta raga masa, da wuri yake dushewa, kuma fetur in ya zuba a kansa yana ɓata shi. Otobes shi ne launi da ba ya sheƙi da kansa, dole a bi shi da kiliya, wato kaya biyu, aiki biyu. Na ukun shi ne otokiril, fenti mai hadina wanda launi da sheƙi suke gwangwani ɗaya. Shi nake ba ka shawara. Ana haɗa shi yawanci kashi biyu na fenti, kashi ɗaya na hadina, da ɗan tina kamar kashi 10 cikin ɗari, amma abin da aka rubuta a jikin gwangwanin shi ne hukunci. Yana da tauri, yana jure rana, in ya dushe bayan shekaru a goge shi ya dawo, in itace ya karce shi a taɓa wurin kawai.

Shuɗi mai ƙyalli kuwa dole otobes ne da kiliya, kuma a nan araha ba ta ado. Kiliya mai kyau tana da tsada, mai arahar ita ce kake gani tana saɓulewa daga rufin motoci da bonet, ta bar su dabbare-dabbare, kuma ba ta da magani sai a sake. Ƙyallin kansa yana son hannu mai daidaito da bindigar feshi mai kyau, in ba haka ba sai ya fito layi-layi a faffaɗan gefen bas. Launi mai duhu yana nuna kowace lotsawa, fari yana ɓoyewa. Ga zafi: ka taɓa rufin farar mota da na mai duhu da azahar a watan Afrilu, ka tuna kaya kake ɗauka. Sannan canza launi yana jawo aikin da ba ka lissafa ba. Sai an fesa bakin ƙofofi, ginshiƙai da cikin ƙofar baya, in ba haka ba duk wanda ya buɗe ƙofa zai ga fari a ciki shuɗi a waje. Ga takardu: launin mota yana rubuce a lasisinta, in ka canza sai ka je ofishin lasisi an gyara, ko ka riƙa dogon bayani da 'yan sanda da jami'an VIO masu duba motoci a kowane shinge. Tunda ana maganar launi, koren sojoji haramun ne ga motar farar hula a Najeriya, akwai doka a kansa tun 1977. Wasu biranen kuma suna da launin motocin haya, kamar rawaya a Legas da kore a Abuja, wanda zai yi jigilar fasinja sai ya tambayi ƙungiya kafin ya sayi fenti.

Ka tsaya a farinka. Shi ma fari kala-kala ne. A jikin ɗan allon da Toyota take liƙawa mai ɗauke da lambar shasi, akwai inda aka rubuta C/TR, lambobi ukun farko bayansa su ne lambar launi. Ka kai wa mai haɗa fenti, ko ka kwance murfin tankin mai ka tafi da shi a gwada.

Kaya kuma ku je ku saya tare da mai fentin, kada ka ba shi kuɗi a dunƙule, kada kuma ka je kai kaɗai ka sayo abin da zai ce ba ya aiki da shi, gobe in an samu matsala ya ɗora wa kayanka. Ya rubuta maka jerin kaya daban, kuɗin hannu daban. In a Kano kake, Ƙofar Ruwa da Sabon Gari ba abin da babu; a Kaduna masu aikin Panteka sun san shagunan. Farashin yana bin dala, don haka na ranar da za ka saya shi ne farashi. Wajen bas irin taka yakan ci kamar lita 4 zuwa 6 na launi kafin a haɗa, ya danganta da hannun mai feshi da ko rufinta dogo ne. Ka sayi gwangwani a rufe. Fenti da hadina su zama na kamfani ɗaya. Hadinar da aka taɓa buɗewa ta daɗe tana shan iska ta lalace, in ka ga ta yi kauri ko ta yi gajimare ka bar ta. Tina ta awo a jarka ita ce inda aka fi algus, ta wanke bindiga ce, ba ta haɗa fentin ƙarshe ba. Kuɗin da ke tsakanin tina mai kyau da maras kyau bai kai na cika tanki ba, amma ita take yanke hukuncin yadda fentin zai kwanta. Abin da ya rage a gwangwani naka ne, ka tafi da rabin lita gida don taɓe-taɓe.

Ɗaya hanyar rage kuɗi ita ce guminka. Kai da yaron motarka ku kwance fitilu, madubai, bamba, hannayen ƙofa, lamba da kariya. Ku ɓare sitika, ku goge gam ɗinta. Kwancewa ta fi liƙa tef kyau, don inda aka liƙa tef fenti yana yin baki, daga bakin nan yake fara ɓarewa. Ku wanke ta sosai, har ƙasa da bakin tayoyi. In ka saba shafa mata gas ko man sheƙin dashbod don ta yi ƙyalli, ka gaya wa mai fentin gaskiya, domin maiƙo da silikon suna sa sabon fenti ya yi ƙananan ramuka masu zagaye, sai an wanke da maganin cire maiƙo kafin a fara guga.

Za ka ga Turawa a intanet suna fentin tsofaffin motocinsu da rola da fentin mai. A can kuɗin hannu ne yake da tsada, shi ya sa. A nan kayan ne masu tsada, hannu da sauƙi, ba ribar da za ka ci, sai dai ka ɓata jikin da fentin da ba a iya ɗora na kirki a kansa daga baya.

Maganar oban: ɗaki ne rufaffe mai tace iska, ana gasa fentin a zafin da ya kai kamar digiri 60 na rabin awa. Amfaninsa tsabta da saurin bushewa. Ba ya gyara mugun shiri, kuma fenti mai hadina yana bushewa da kansa ko ba a gasa ba. Wasu masu oban suna ba da hayar ɗakin na 'yan awanni. In mai fentinka zai gama shiri a garejinsa ku kai can a fesa kawai, ka samu rabin amfanin na uku a kuɗin na biyu. Ka dai tabbata an kunna abin da ka biya, don tsadar gas ta sa wasu ɗakin kawai suke rufewa. In a fili za a yi, a guji ranar da hazo ya sauko ko iskar hunturu take kaɗawa, ƙura za ta zauna a kan ɗanyen fenti. Ranar hadari danshi yana sa shi dushewa. Tsakar ranar bazara kuma fentin yana bushewa a iska kafin ya isa jikin mota, ya fito da kaushi. Sassafe ya fi, a rumfar da aka kewaye da tamfol, a yayyafa ruwa a ƙasa. Ka ce a buɗe gindin tankin kwamfuresa a gabanka. Ruwan da za ka ga ya tsiyayo, da a cikin fentinka zai ƙare.

Ranar feshi kada ka tsaya a ciki kana kallo. Hadina tana ɗauke da sinadarin da ke jawo asma, wani lokaci ta har abada. Takunkumin ƙyalle ba ya tare shi, madarar da yara suke sha bayan feshi ma ba ta wanke huhu. Mafi ƙaranci takunkumi mai matatar gawayi sabuwa, wanda ya fi shi ne mai kawo iska daga waje. In ka saya wa yaron da zai fesa matata guda, ka yi sadaka.

Biya kuma kashi uku: na kaya, na bayan an gama walda da fila, na ranar karɓa. Ka je ka gani da idonka sau biyu, lokacin da ƙarfe yake tsirara kafin fila ta rufe shi, da lokacin da aka gama furaima. Ku sa ranar gamawa a gaban shaida. Motar da aka bari wata da watanni a furaima tana shan raɓa da ruwan sama, furaima mai kauri ba ta hana danshi, tsatsa tana farawa a ƙarƙashinta ba a gani. Kada ka kai aiki sati biyu kafin sallah, lokacin kowane gareji ya cika, hannu yana rawa.

Ka karɓa da rana, ba da magariba ba. Ka tsaya a kusurwa ka kalli gefen a karkace, nan igiyar ruwa da zubar fenti suke bayyana. Ka hau ka duba tsakiyar rufi, inda hannu ba ya kaiwa sosai, da ƙasan ƙofofi. Ɗan kaushi irin na ɓawon lemo da 'yar ƙura nan da can ba abin faɗa ba ne a wannan kuɗin, bayan sati ana bi da sanfefa mai lamba 1500 zuwa 2000 a goge su kwanta. Abin da ba za ka karɓa ba shi ne wurin da furaima take leƙowa, ko fentin da farce yake shiga bayan kwana biyu, wannan alamar an yi ƙwauron hadina ne. Satin farko kada ka rufe ta da tamfol, kada ka ɗaura kaya a rufi. Wanki da ruwa da sabulun mota, ban da garin wankin kaya. Man sheƙi da sitika su jira wata ɗaya zuwa biyu, fentin ya gama fitar da tinarsa. Kafin ka mayar da kariya, ka sa yankin tsohon tif ɗin taya a ƙarƙashin kowace ƙafa, ka kuma zura waya ka buɗe ramukan tsiyayar ruwa da ke gindin ƙofofi, don ƙurar fila takan toshe su lokacin aiki.